Babi na Shida: Rumfar Bayan Gida da Bututun Boila

Idan ka bi lungun da ke bayan jerin gidajen jan bulo a Manchesta ko Bamingham da sassafe a watan Janairu, za ka ga kusan kowane gida yana fitar da farin tururi ta wani guntun bututu da ya leƙo daga bangon kicin. Kaurinsa santimita 10 ne, abin da ya fito waje kuma bai kai kamu ɗaya ba. Ta nan boila ke numfashi, wato tukunyar gas da ke dafa ruwan wanka da ruwan da ke zagaya ɗakuna yana ɗumama su. Fiye da gida takwas cikin goma a Ingila da gas ake ɗumama su, don haka da wuya ka sami unguwar da babu wannan bututu. Duk da haka shi ne abin da aka fi mantawa da shi ranar da mai gida ya tashi yin gyara.

Gyaran da ya fi taɓa shi kuwa shi ne rumfa. Ƙasa ce ta yayyafi, ba rani ba damina. Mutum ya yi ta fama har Allah ya ba shi gida, a bayan gidan ga ɗan fili an shimfiɗa masa duwatsu, amma rabin shekara ba ya zaunuwa. Yana son inda zai shimfiɗa wa baƙi darduma ranar suna ko ranar Sallah, inda uwargida za ta yi shanya hankali kwance, inda yara za su jingine kekunansu. Buƙata ce mai kyau, babu wanda zai ga laifinsa. Sai ya kira masu kafa rumfa, su auna, su kafa ginshiƙan alminiyam, su ɗora rufin gilashi ko na roba mai haske, su manna shi da bangon gida. Kafin mako ya zagayo an gama. To amma a yawancin gidajen ƙasar kicin a baya yake, boila kuma a kicin take, ke nan bakin bututun yana fitowa ne daidai inda rumfar ta zauna.

Domin a gane abin da ya sauya a wannan rana, sai an san yadda bututun yake a ciki. Wanda ya dube shi daga waje zai ɗauka ɗaya ne, alhali biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki, mai faɗin milimita 60, shi ke fitar da hayaƙi. Ratar da ke tsakaninsa da na waje, mai milimita 100, ta nan fanka ke zuƙo sabuwar iska zuwa wurin wuta. Jikin boilar a toshe yake ruf, ba ta ɗibar iskar kicin, ba ta kuma zuba komai a cikinsa. Wannan tsari shi ya sa boilar zamani ta fi ta dā aminci nesa ba kusa ba. Amma amincin nan gaba ɗaya ya dogara ne ga sharaɗi guda: a bayan bango akwai sarari, iska na kaɗawa, hayaƙin da ya fita zai watse kafin fanka ta sake zuƙa. Injiniyoyin da suka ƙera tukunyar sun lissafa da wannan sarari kamar yadda suka lissafa da fanka da bututu. Wanda ya ɗora rufi a kansa ya taɓa injin ne, ko da bai kwance ƙusa ɗaya a jikinsa ba.

Gas ɗin da ake turowa gidaje a yau mafi yawansa mitan ne, kuma babu guba a cikinsa irin ta gas ɗin dā da ake tatsowa daga kwal. Wancan yana ɗauke da kabon monoksaid tun daga masana'anta, shi ya sa yoyonsa kaɗai ke kisa. Bayan an gano gas a Tekun Arewa a 1965, Birtaniya ta shafe shekara goma, daga 1967 zuwa 1977, tana bi gida-gida tana sauya murhu da tukwane su dace da sabon. Sabon gas idan ya sami isasshiyar iska, wajen mudu goma na iska ga mudu ɗaya na gas, abin da yake bari shi ne tururin ruwa da kabon dayoksaid, irin wanda mu ma muke fitarwa a numfashi. Matsala tana farawa ne idan iskar ta gurɓata. Hayaƙi ya fita, ya bugi rufin rumfa, ya rasa hanya, ya taru a kusurwa. Fanka ta zuƙo shi ya koma wurin wuta. Oksijin ɗin da ke cikinsa ya ragu, wutar ba ta ci da kyau ba, hayaƙin da ya fito a karo na biyu ya fi na farko muni, shi ma a sake zuƙo shi. Kamar mutumin da ya lulluɓe kansa da bargo ne yana shaƙar numfashin da ya fitar. A haka kabon monoksaid ke hauhawa, kuma ƙofar kicin da tagarsa duk a ƙarƙashin rumfar suke buɗewa.

Wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 masanin Faransa Claude Bernard ya nuna yadda take kama jini, daga baya John Scott Haldane ya bi sawunta a ramukan kwal na Birtaniya, shi ne ma ya ba da shawarar a riƙa shiga da ƙananan dabbobi da tsuntsaye domin su suke fara faɗuwa. Sai a 1986 aka daina shiga da tsuntsun kanari. Jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin yana riƙe kabon monoksaid da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka kaɗan ma ya isa, in dai an daɗe ana shaƙa. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala. Mutum zai ce mura ce, ko gajiyar aiki, ya sha magani ya kwanta. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne a ga duk mutanen gida sun kamu lokaci ɗaya, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi.

Mai karatu a Kano ko Damagaram bai buƙatar a gabatar masa da wannan guba. Ita ce ke kashe iyali guda cikin dare idan an shigo da janareta baranda ko lungun ɗaki saboda tsoron ɓarayi, ita ce ke kwantar da waɗanda suka kulle ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu. Bambancin kawai shi ne janareta na da ƙara da wari, gawayi ana ganin jansa, ita kuwa boila tana cikin farin akwati a jikin bango, shiru, mai tsabta, ba abin da ke nuna akwai wuta a cikinta. A watan Oktoba na 2006 wasu yara biyu 'yan Birtaniya, mai shekara bakwai da ƙaninta mai shida, sun rasu a masaukin hutu a tsibirin Korfu na ƙasar Girka, saboda hayaƙin wata lalatacciyar boila da ke ɗan ɗakin da ke manne da nasu. Boilar ba a cikin ɗakinsu take ba. Hayaƙin ne ya sami hanya.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ba ta kisa amma tana cin dukiya. Tun daga Afrilun 2005 dokar gini a Ingila da Wales ta wajabta cewa sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatse zafin hayaƙinta kafin ta sake shi. Irin wannan tana sanyaya hayaƙin har ya sauko wajen digiri 55, inda tururi ke komawa ruwa, ta kwashe zafin ta mayar cikin gida. Shi ya sa hayaƙinta ke fitowa fari, mai laima, mara ƙarfin tashi sama. Ruwan da ke cikinsa yana da ɗan tsami. A fili ba komai ba ne, amma a ƙarƙashin rufi sai ya zama raɓa, ya riƙa ɗiga a kan kujeru, ya ci fenti, ya sa katako ruɓewa, ya baƙanta bango da gansakuka, da sanyi kuma ya daskare a kan duwatsun ƙasa ya zama santsi.

Doka ba ta bar wannan magana a buɗe ba. Ƙa'idojin amincin gas na 1998 sun hana kowa yin wani gyara a gini da zai rage amincin kayan gas da ke cikinsa, kuma wannan hani ya hau kan magini da kafinta da mai gidan kansa, ba injiniyan gas kaɗai ba. Hukumar kula da lafiya da amincin aiki ta ƙasar, HSE, ta sha gurfanar da magina a kotu saboda sun rufe bakin bututu da sabon gini. Littafin ƙa'idar gini mai lamba J ya jera tazarar da ake buƙata ga bututu mai fanka: santimita 30 daga duk tagar da ke buɗewa ko ƙofa ko kafar shan iska, santimita 30 daga ƙasa, santimita 20 ƙasa da bakin rufi ko baranda, santimita 60 daga bangon da ke fuskantarsa, mita 1.2 daga wani bututun da ke kallonsa. Idan bakin bai kai mita biyu daga ƙasa ba, inda hannu zai iya kai masa, sai an sa masa ragar ƙarfe. A ƙarƙashin rumfar mota an yarda ne kawai idan aƙalla gefe biyu a buɗe suke, kuma bakin ya nisanci ƙofa ko tagar gida da mita 1.2. Sama da duk wannan akwai littafin kamfanin da ya ƙera boilar. Inda ya fi tsanani, shi ake bi, kuma kamfanoni da dama ba sa son a bar bakin a ƙarƙashin kowane irin rufi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙaramar rumfa, wadda faɗin ƙasanta bai wuce murabba'in mita 30 ba, tana cikin gine-ginen da aka ɗauke wa binciken jami'an gini na ƙaramar hukuma. Ba wanda zai zo da takarda da abin awo ya duba. Masu kafa rumfa sana'arsu alminiyam ce da gilashi, wasu sun san maganar bututu kuma za su faɗa maka gaskiya, wasu kuwa so suke su gama su karɓi kuɗinsu. Ke nan a tsakanin ranar da aka kafa rumfa da ranar da injiniyan gas zai zo duba na shekara, babu idon da ke kan wannan bututu sai na mai gida. Mai gidan haya doka ta tilasta masa binciken gas kowace shekara. Wanda ke zaune a gidan kansa babu mai tilasta masa, yana iya shafe shekaru ba wanda ya leƙa.

Na taɓa tsayawa a bayan gidan wani kawuna a arewacin Ingila, yana nuna mini zanen rumfar da zai kafa, da murnarsa. Ga inda teburi zai zauna, ga inda za a ja wayar fitila. Tururi na fita a saman kafaɗarsa, yana bin bango. Na ce, "Kawu, wannan fa, ina za a kai shi?" Ya waiwaya ya dube shi, ya ce, "Ai gefe-gefe a buɗe za a bari, ɗana, iska za ta kwashe." Abin da ya faɗa yana iya zama daidai a ranar farko. Damuwata ita ce rumfa ba ta tsayawa yadda aka kafa ta. Shekarar farko iska ta riƙa koro ruwa ta yamma, sai a sa gilashi a wannan gefen. Ɗaya gefen dama katangar maƙwabci ce. Shekara ta uku a ce ai saura gaba kawai, a sa ƙofar gilashi mai zamewa, a shimfiɗa kafet, a shigo da kujerun falo, yara su mayar da wurin ɗakin karatu. Babu ranar da wani ya yanke shawarar shigo da hayaƙin boila cikin ɗaki, amma abin da ya faru ke nan. Shi ya sa a ganina bai kamata mutum ya tsaya neman mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ba. Tun ran gini ran zane: a fitar da bakin bututun daga ƙarƙashin rufin gaba ɗaya, hayaƙinsa da iskarsa duka.

Hanyoyin yin haka ba su da yawa, kuma gidan ne ke zaɓa, ba mai gidan ba. Idan boilar na kusa da kusurwa, mafi sauƙi shi ne a juya gwiwar bututun a huda bangon gefe, a toshe tsohuwar kafar da bulo. Rabin yini ya isa. Sai dai bangon gefe sau da yawa yana kallon gidan maƙwabci, kuma ana buƙatar aƙalla santimita 60 zuwa kan iyaka. Ko an cika wannan awo, tururin da ke busawa kullum a tagar maƙwabci ko ƙofarsa cutarwa ce, yana da damar kai ƙara ƙaramar hukuma, kuma haƙƙin maƙwabtaka ma ya isa ya hana.

Idan babu bangon gefe, kamar a gidajen da ke jere manne da juna, sai a ƙara wa bututun tsawo, ko dai ya miƙe har ya wuce bakin rumfar, ko ya hau sama ya huda rufinta. Nan ne aikin ke buƙatar gwani. Kowace boila tana da iyakar tsawon bututun da fankarta za ta iya turawa, kuma kowace gwiwa da aka ƙara tana cin wani kaso na wannan tsawo, kamar an ƙara mita ɗaya ko fiye. Bututun da ke kwance dole ya ɗan karkata zuwa wajen boila, wajen santimita 5 a kowace mita, domin ruwan da ya taru a ciki ya gangara ya koma, kada ya kwanta a gaɓa. Dole a ɗaure shi da maƙalai a kai a kai, domin gaɓar da ta saki da nauyin kanta tana zubar da hayaƙi a inda ba a zata ba. Kayan kuma sai na kamfanin da ya yi boilar, ba a haɗa na wannan da na wancan ko da faɗinsu ɗaya. Wanda ya hau sama kuma ya shiga sabon lissafi, saboda tagogin ɗakunan kwana na bene suna nan a saman rumfar. Idan bututun zai bi ta cikin silin ko wani akwati da aka rufe, sai an bar ƙananan ƙofofin dubawa. Tun daga farkon 2013 injiniyan da ya tarar da bututu a ɓoye ba ta inda zai ga gaɓoɓinsa, zai rubuta cewa akwai haɗari, ya nemi izinin kashe boilar.

Akwai wani abu mai araha da masu kafa rumfa suke yawan ambata, wato siririn bututun karkatar da tururi. Ana cusa shi a bakin na ciki, ya ɗauki hayaƙin ya kai shi sama ko gefe. Yana da amfani a wurinsa, an yi shi ne domin kawar da tururi daga taga ko hanya. Amma hayaƙi kaɗai yake ɗauka. Wurin zuƙar iska yana nan inda yake, a ƙarƙashin rumfa, gaɓar farko ma tana nan. In rumfar a buɗe take sosai kuma littafin kamfani ya yarda, injiniya zai iya amincewa. In akwai niyyar rufe gefe ko da nan gaba ne, wannan ba magani ba ne.

Abin da ya rage shi ne a ɗauke boilar kanta a kai ta wani bango ko saman silin, a ja mata bututun gas da na ruwa da na zubar da ruwan tsami. Shi ya fi tsada. Ga tsohuwar boilar da kamfani ya daina yi wa kayan bututu, wani lokaci babu zaɓi sai sabuwa. Akwai kuma hanyar da ba a cika tunawa da ita ba, alhali ba ta cin ko sisi: a rage faɗin rumfar, ta tsaya kafin ta kai bututun da tazarar da ta dace. Rumfar da ta gaza da mita ɗaya tana ɗaukar darduma da teburi.

Duk wadda aka zaɓa, taɓa bututun boila aikin gas ne a idon doka, kuma wanda ke cikin rajistar Gas Safe ne kawai zai yi. Wannan rajista ita ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a Afrilun 2009. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa da lambarsa da ranar ƙarewa, a bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi, domin wanda ya cancanci haɗa murhun girki ba lallai ne ya cancanci boila ba. Neman ganin katin ba rashin kunya ba ne, su kansu sun saba. A kira shi tun ana zane, kafin a biya kafin alƙalami, ya zo ya tsaya da mai kafa rumfa su yi magana baki da baki. Ranar aiki a kashe boila har a gama.

Idan ya gama, ka tsaya kusa ka ga gwajin. A gwiwar bututu, saman boila, akwai ƙananan kafofi biyu masu murfi. Zai buɗe ɗaya ya zura bakin na'urar awo a hanyar hayaƙi ya ga yadda wuta ke ci. Sannan ya zura a ɗayar, hanyar shigar iska. Iskar sarari tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari. Idan lambar da ke fuskar na'urar ta sauka ƙasa da 20.6, hayaƙi na komawa ciki ta wani wuri, aiki bai ƙare ba. Ka karɓi takardar aikin ka adana, domin lauyan mai saye zai tambaye ta ranar da za ka sayar da gidan. A sa ƙararrawar kabon monoksaid mai lambar inganci EN 50291 a ɗakin da boila take. Tun daga 1 ga Oktoban 2022 wajibi ce a gidajen haya a Ingila, kuɗinta kuma bai kai na cefanen mako ba. Amma ƙararrawa faɗakarwa take yi bayan guba ta riga ta fito, ba ta gyara bututun da aka sa a mugun wuri.

Wanda kuwa ya sayi gida ko ya kama haya ya tarar da rumfar tun da can, bakin bututu na ƙarƙashinta, kada ya ce tun da na baya sun zauna lafiya shi ma zai zauna. Ya dubi rufin da ke saman bakin ko akwai raɓa ko baƙin tabo, ya ƙirga gefe nawa ne a buɗe da gaske, ya kira injiniya a makon nan, ɗan haya kuma ya rubuta wa mai gida a takarda. In ƙararrawa ta yi kuka, ko mutanen gida suka tashi da ciwon kai tare, a kashe boila, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita waje, a kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999. A asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa ana zargin kabon monoksaid, a kuma je da wuri, domin yawanta a jini yana raguwa da zarar mutum ya koma shaƙar iska mai kyau, gwajin da aka jinkirta yana iya nuna kamar babu komai.